Waiwaye: Yadda dokar waje ke ƙara nauyi kafin ta iso Oko-Oba

A mayankar Oko-Oba da ke Agege a Legas, in tirelar shanu ta sauka daga Arewa, cinikin manyan bijimai biyar ko shida ya isa ya haura naira miliyan 5. Dillali ya tofa yawu a yatsa ya ƙirga kuɗinsa, bai san cewa a doka karɓar wannan adadi a hannu, ba ta banki ba, laifi ne.

Tushen maganar yana Faransa. A 1989 ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki suka kafa hukumar FATF a birnin Paris, ta fito da shawarwari 40 na yaƙi da halasta kuɗin haram. Shawarwari ne kawai. Ko yarjejeniyar da aka sa wa hannu ma, sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba ta aiki a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. To wajen mayarwar nan ake ƙara gishiri.

Da dalili. A 2001 FATF ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ba su ba da haɗin kai, aka kafa EFCC a 2003, ba a cire mu ba sai 2006. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani gudu yake. Shi ya sa dokar Najeriya ta 2011 kan hana halasta kuɗin haram ta zaƙe. Inda FATF ta ce mai sayar da gwal ya binciki mai saye in tsabar kuɗin ta kai dala 15,000, tamu ta ce daga dala 1,000. Haramcin biyan fiye da miliyan 5 a hannu kuwa, namu ne na gida. Ba ya cikin shawarwarin. Lokacin da aka yanka adadin, dala ba ta kai naira 170 ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Birtaniya ta jima tana kuka da wannan ɗabi'a kan dokokin Tarayyar Turai, har a 2010 gwamnati ta umarci ma'aikatu su kwafo dokar yadda take, ban da ƙari sai da hujja. Ita kanta FATF ta sassauta: a 2016 ta janye kalamanta na yi wa ƙungiyoyin agaji kuɗin goro. Babban Bankin Najeriya ma tun 2013 ya raba asusun banki gida uku, don mai tura baro a kasuwar Mile 12 ta Legas ya iya buɗewa ba tare da tulin takardu ba. Wannan kam an kyauta.

Dokar 2022 da ta maye gurbin ta 2011 ta fitar da ƙungiyoyin agaji daga jerin sana'o'in da ake sa wa ido, amma ta bar miliyan 5 a inda take. An sake jefa Najeriya jerin sa-ido na FATF a Fabrairun 2023, aka fitar da ita a Oktoban 2025. Dala ta haura naira 1,000, farashin shanu ya bi ta, adadin nan na 2011 ko motsi bai yi ba.