Indeks: fihirisar rumbun bayanai, da dalilin da ba kullum yake maganin nauyi ba

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu kula da kwamfutocin wani biro ko farmasi a Damagaram ya san yadda zancen yake farawa. Mai karɓar kuɗi ta leƙo ta ce, "Yaya, mashin ɗin nan ya yi nauyi, sai na gaji da jira kafin sunan mutum ya fito." Kafin ta rufe baki wani ya yanke hukunci: a sa masa indeks. Mu da muka yi karatu da Faransanci "andeks" muke furtawa, ƴan'uwanmu na Kano su ce "indes". Kalma ɗaya ce, kuma ta zama farasitamol a bakin masu sana'ar, kowane ciwo ita ake rubutawa.

Hausa ta daɗe da sunan abin: fihirisa. Ɗauki littafin fiƙihu a zauren wani malami a Birni, za ka tarar da ita, babi kaza shafi kaza. Mai neman hukuncin taimama ba ya karanta littafin tun daga bismilla, fihirisa yake dubawa ya tafi kai tsaye. Bambancin kawai shi ne ta malam tana bin tsarin littafin, ta kwamfuta kuwa an jera ta bisa haruffa ko lambobi, daga ƙarami zuwa babba. A wannan jeri ne duk amfaninta yake.

Rumbun da muke magana a kansa shi ne irin wanda Edgar Codd, ma'aikacin IBM, ya shimfiɗa tsarinsa a 1970: bayanai cikin jadawali, kowane layi mutum ɗaya ko ciniki ɗaya, kowane gida abu ɗaya, suna ko unguwa ko kuɗi. Manhajojin rumbu irin su MySQL, PostgreSQL, Oracle da SQL Server duk daga wannan tushe suke. Harshen da ake tambayarsu da shi, SQL, yana da wata ɗabi'a da ya kamata a riƙe: kai kana faɗin abin da kake so ne, ba ka faɗin hanyar da za a bi. Injin, wato manhajar da ke tafiyar da rumbun, shi ke zaɓen hanya. Saboda haka indeks ba umarni ba ne, tayi ne. Injin na iya karɓa, yana iya kau da kai.

A ce wani mai shago a kasuwar Dole yana rubuta bashi a kaye, kowa bisa ranar da ya zo. In yana neman bashin mutum ɗaya, ba makawa sai ya bi kayen shafi-shafi har ƙarshe, don bai san sau nawa mutumin ya karɓi kaya ba. Haka injin yake yi in babu indeks. PostgreSQL na kiran wannan Seq Scan. Da layi ɗari biyar ba wanda zai lura. Shi ya sa manhaja take gudu kamar barewa ranar da aka kafa ta, bayan shekara uku kuma ta koma tafiyar hawainiya, alhali ba wanda ya taɓa komai. Kayen ne ya yi kauri.

Yanzu a ce yaron shagon ya sami wani ƙaramin kaye ya jera sunaye bisa haruffa, gaban kowane suna lambobin shafukan da yake. Shi ke nan an yi indeks. Yawancin injuna suna gina shi da siffar da ake kira B-tree, wadda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙirƙira suna aiki a Boeing, aka buga bayaninta a 1972. Injin ba ya karanta faifai layi-layi, shafi-shafi yake ɗauka, kilobait 8 a PostgreSQL, 16 a InnoDB, ɓangaren MySQL mai ajiye bayanai. Shafi ɗaya na ɗaukar ɗaruruwan sunaye. Shafin sama yana nuna maka wane reshe za ka bi, reshen ya nuna na ƙasa da shi, na ƙasan ya nuna layin. In kowane shafi na da sunaye 300, hawa uku sun isa su rufe 300 sau 300 sau 300, wato miliyan 27. Taki uku maimakon bin jadawali duka. Wanda ya ga tambayar minti guda ta koma ƙiftawar ido, ba laifinsa ba ne in ya ɗauki abin tsafi.

To amma yaron shagon ya ɗora wa kansa aiki. Duk bashin da aka rubuta a babban kaye, sai ya koma ƙaramin ya sa shi a gurbinsa. In ƙananan kaye goma ne, na suna, na unguwa, na kwanan wata, na waya da sauransu, rubutu ɗaya ya zama goma sha ɗaya. Na taɓa gadar wani rumbu da wanda ya gabace ni ya sa wa kowane gida indeks, don dai a zauna lafiya. Neman suna ba laifi, amma shigar da rasit ɗaya sai layin mutane ya kai bakin ƙofa. Ga faifai ya cika, ga kwafin ajiya da ake ɗauka da dare yana jan lokaci, a garin da ba ka san sa'ad da za a ɗauke wuta ba. Abin da ka samu a karatu, a rubutu kake biyansa.

Akwai kuma inda indeks yana nan, injin bai kula shi ba, kuma gaskiyarsa. Ɗauki gidan jinsi, mace ko namiji. In ka nemi dukan mata, kusan rabin jadawali ka nema. Tsalle daga fihirisa zuwa shafi sau dubbai ya fi karanta kayen a jere tsada, sai injin ya karanta shi a jere. Indeks yana da amfani ne inda yake zubar da mafi yawan layuka ya bar kaɗan.

Wanda ya fi cin mu a nan shi ne sunaye. Mutum ɗaya, takardar haihuwarsa ta ce Ousmane, wanda ya yi masa rajista ya rubuta Usman, wani kuma Ousman. Mahamadou, Mahamane, Mamane, kowa da yadda kunnensa ya ji. Mai rubuta manhaja ya gaji da ƙorafi, sai ya sa alamar % gaba da bayan duk abin da aka buga, don a kamo sunan ko a tsakiya harafin yake. Daga ranar indeks ya zama ado. Jerin haruffa daga farkon kalma yake aiki. Ce wa yaron shago ya nemo sunayen da suka fara da "Ma", nan take zai buɗe wurin. Ce masa waɗanda suka ƙare da "mane", sai ya karanta ƙaramin kayen duka. PostgreSQL na da ƙarin da ake kira pg_trgm, mai yanka kalma harafi uku-uku, kuma yana ceto a nan. Ni dai na fi son a fara neman mutum da lambar dosiye ko lambar wayarsa mai lambobi takwas, suna ya zo daga baya don tabbatarwa.

Ita ma lambar waya da tarkonta. In an ajiye ta a matsayin rubutu, aka tambaye ta a matsayin adadi, MySQL zai juya kowane layi zuwa adadi kafin ya gwada, indeks ya tafi hutu. Haka in ka lulluɓe gidan da wani aiki, kamar mai da haruffa ƙanana, sai dai in a kan sakamakon aikin aka gina indeks ɗin. In kuma indeks ya haɗa gida biyu, unguwa sannan suna, tsarin yana da muhimmanci: zai yi maka Zongo kaɗai, zai yi Zongo da Ousmane, amma Ousmane kaɗai ya warwatsu cikin kowace unguwa.

Duk wannan ba sai an yi duba ba. Rubuta EXPLAIN gaban tambayar, injin zai faɗa maka hanyar da ya yi niyya da yawan layukan da yake zato. EXPLAIN ANALYZE ya fi, don yana aiwatar da tambayar ya kawo ainihin lokaci da ainihin adadi. A kula fa: aiwatarwa yake yi da gaske, in gaban DELETE, umarnin gogewa, ka sa shi a PostgreSQL, ya goge. Abin da nake fara dubawa shi ne tazara tsakanin zato da gaskiya. In injin ya zaci layi 10 ya tarar da 40,000, matsalar ba rashin indeks ba ce, ƙididdigarsa ce ta tsufa. Yakan faru bayan an loda bayanai da yawa lokaci guda, kamar rajistar ɗalibai a watan Oktoba. Umarnin ANALYZE kaɗai ya isa ya sabunta lissafin, kuma sau da yawa nauyin ya tafi ba a ƙara komai ba.

Sai shara. PostgreSQL ba ya goge tsohon layi nan take in an gyara shi, sabo yake rubutawa ya bar tsohon a mace, don wanda ke tsakiyar karatu ya ƙarasa. VACUUM ke share gawarwakin, kuma akwai mai yin sa da kansa, autovacuum. Na ga masu kashe shi wai yana cin ƙarfin mashin. Bayan watanni jadawali da indeks duk sun kumbura da matattun layuka.

In an tabbatar ana bukatar sabon indeks, kada a gina shi da hantsi ana tsakiyar ciniki, don a PostgreSQL ginin yau da kullum yana tare rubutu har ya gama. Ko a bari sai an tashi, ko a ƙara kalmar CONCURRENTLY, ya daɗe amma bai tare kowa ba. Wuri ɗaya da kusan kullum yake cancanta shi ne gidan da ke haɗa jadawali biyu, kamar lambar ɗalibi a jadawalin biyan kuɗi. InnoDB yana sa masa da kansa, PostgreSQL ba ya yi, kuma masu ƙaura daga wancan zuwa wannan nan suke tuntuɓe.

Cirewa ma aiki ne. Jadawalin pg_stat_user_indexes yana ƙirga sau nawa aka yi amfani da kowane indeks, wanda ya daɗe a kan sifili ɗan haya ne da ba ya biya. Sai dai kafin ka kore shi, tambayi mai lissafin kuɗi ko akwai rahoton da sau ɗaya ake fitarwa a shekara. Na taɓa cire ɗaya a watan Maris, na ji labarinsa a ƙarshen Yuni.