Mai zane da muhallinsa: me ya sa hannu ke mutuwa a wani wuri, ya farfaɗo a wani?

Wani ƙanena a unguwar Nima ta Accra ya zo mini da ƙorafi kwanaki. Ya ce, "Yaya, in ina makaranta zane na zuwa mini kamar ruwa, amma da na shigo gida sai jikina ya mutu." Tambayoyin da muka tattauna a kai ne na tattara a nan.

Da gaske ne wuri na kashe wa mai zane gwiwa, ko dai lalaci ne kawai?

Akwai malalata, ba musu. Amma ka leƙa ɗakin yaron nan tukuna. Su huɗu ne a ciki. Takardunsa na ƙarƙashin katifa, fensir na cikin gwangwanin madara a saman taga, teburin kuwa shi ne wurin ajiye kulolin abinci. Kafin ya ja layi ɗaya sai ya ɗaga katifa, ya kwashe kuloli, ya goge maiƙo, ya kori ƙannensa. Kafin ya gama, Mma ta ƙwala kira a je a sayo gawayi. Sha'awar zane ba ta da haƙuri. In ta zo ta tarar da dogon shiri, juyawa take yi. A makaranta kuwa tebur na nan a shimfiɗe, zama kawai zai yi. A ganina wannan tazarar da ke tsakanin "ina so in yi" da "na fara" ita ce babban abin da muhalli ke sarrafawa, fiye da kyan wuri ko tsadarsa.

Hayaniyar zango fa? Ba dole sai an samu shiru ba?

Hayaniya iri biyu ce. Akwai wadda ba ruwanta da kai: yaran mota na kiran fasinja, masu talla, injin niƙa, rediyon maƙwabci. Wannan kunne na sabawa da ita har ta zama kamar saukar ruwan sama a kan kwano. Akwai kuma wadda ke ɗauke da sunanka, wato aike da sallama da "zo ka gani". Ita ce ke tsinka tunani, domin kowane kira na sa ka sake ɗaura zaren daga farko.

Cunkoson ma abinci ne ga ido. Ablade Glover, wanda aka haifa a Accra a 1934, ya yi suna ne da zanen kasuwanni da tashoshin mota da taron jama'a, yana shafa fenti da kauri har sai ka ja baya kafin mutanen su fito. Wanda ya tashi a gefen kasuwar Nima ko ta Kejetia a Kumasi yana da irin wannan dukiyar a ƙofar gida kyauta.

Haske da yanayi na da tasiri?

Sosai. Accra na kusa da tsakiyar duniya, don haka rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri. Wanda ya tashi aiki ƙarfe 5 saura masa ɗan lokaci kaɗan. Launin da ka haɗa a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja, da safe za ka gan shi daban, ranka ya ɓaci. Waɗanda suka yi zamanin dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, musamman a 2015, sun san yadda ake zane da fitilar waya a baki. Da damina danshi na sa takarda ta yi laushi ta lanƙwashe. Da hunturu ƙura na manne wa ɗanyen fenti, fentin ruwa kuma na bushewa a kan burushi kafin ka gama shafawa.

Maganar mutane fa?

Nan ne wajen ya fi zafi. Yaron da kullum ake ce wa "ka bar wasan yara ka nemi sana'a" ɓoye littafinsa zai yi, abin da ake ɓoyewa kuma ba ya girma. Ga kuma batun zanen mai rai, wanda malamai suka yi magana a kai, iyaye da yawa kuma ke ƙyama. Wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai a tuna zane ba baƙo ba ne a gidajenmu: zayyanar allon sauka, aikin wuyan babbar riga, lallen amare, rubutun larabci a bangon masallaci, duk aikin ido da hannu ne, kuma fage ne mai faɗi ga wanda ba ya son zana fuska.

Abokan tafiya kuma na ɗaga mutum. Matasan da suka haɗu a ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art sun mayar da bangayen unguwa wurin aiki, bikin zanen titi na Chale Wote da aka fara a unguwar Jamestown ta Accra a 2011 ya sa jama'a na tsayawa kallon mai fenti a titi. In ka ga sa'anka a kan tsani da burushi, hannunka ma ƙaiƙayi zai fara.

In babu kuɗin kayan aiki?

Ibrahim Mahama, ɗan Tamale da ya yi karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi, da tsofaffin buhunan koko da suka koma ɗaukar gawayi ya yi aikin da aka baje a birnin Venis na Italiya a 2015. Masu zanen tallan gidajen bidiyo na shekarun 1980 da 1990 kuwa a kan buhun fulawa suke yi.

To me ka ce wa ƙanen naka ya yi?

Na ce ya nemi ɗan katako mai faɗin faranti, ya maƙala takarda a kai, ya ɗaure fensir da zare, ya rataye a ƙusa kusa da ƙofa. Bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, ya zauna a dakalin waje inda haske ke fara sauka. Satin da ya wuce ya nuna mini shafi bakwai, duk na mai kokon da ke kafa tukunyarta a bakin lungunsu, kuma a na bakwai ne hannunta da ludayi ya fito daidai.