Gandun Dajin Gashaka-Gumti

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a cikin waɗanda gwamnatin tarayyar Nijeriya ke kula da su. Yana gabashin ƙasar, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,400, wato kusan ninki uku na Yankari. A cikinsa ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya yake, Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419 daga saman teku. An raɗa wa gandun suna ne daga tsofaffin ƙauyuka biyu, Gashaka a kudu da Gumti a arewa. Hedikwatarsa tana Serti, babban garin ƙaramar hukumar Gashaka, inda fadar Lamdo Gashaka take.

Wanda ya saba da Yankari, inda ake zama a mota a zagaya a ga giwaye, sai ya sauya tunani kafin ya zo nan. Hanyar mota a Gashaka-Gumti kaɗan ce, mafi yawan abin gani kuwa yana bayan kogi ko kan tsauni, inda ƙafa kaɗai ke kaiwa.

Yanayin ƙasa

Gandun kashi biyu ne da ba su yi kama da juna ba. Ɓangaren Gumti, wanda ake shiga ta Toungo a jihar Adamawa, galibinsa fili ne mai dogayen ciyayi da itatuwan da duk ɗan Arewa ya sani: doka, maje, kawo, kaɗanya. Ƙasar a nan ba ta kai mita 500 daga saman teku ba a wurare da dama, kuma zafin bazara yana da tsanani.

Ɓangaren Gashaka shi ne na duwatsu. Daga kwarin koguna ƙasa takan tashi tsaye, hayi bayan hayi, har ta haɗe da tsaunin Mambila a kudu. Mai hawa zai ratsa nau'in daji uku ko huɗu a yini biyu. A ƙasa akwai kurmi mai duhu da ke bin bakin ruwa. Sama da shi akwai daji mai sarari, inda rana ke taɓa ƙasa. In aka ƙara hawa sai a tarar da wani kurmin daban, na kan dutse, wanda itatuwansa ke lulluɓe da gansakuka saboda yawan laima. A can ƙololuwa kuma itace yakan ƙare, sai gajeriyar ciyawa shimfiɗe iya ganin ido, da guntayen kurmi maƙale a cikin kwazazzabai. Baya ga Chappal Waddi, akwai Chappal Hendu, wanda ya ɗan haura mita 2,000, da Chappal Shirgu.

Ruwan sama yana ƙaruwa ne yayin da ake yin kudu ana hawa: daga kimanin milimita 1,200 a shekara a filayen arewa zuwa kusan 3,000 a kan duwatsun kudu. Wannan ruwa ne ke haifar da kogunan Mayo Kam da Mayo Gashaka da Mayo Yim da ƙananan rafuka masu yawa. Yawancinsu suna malalawa cikin kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Kurmin kan dutse yana riƙe ruwan damina, ya riƙa sakinsa a hankali, shi ya sa waɗannan koguna ba sa ƙafewa da rani. Wannan ne ma dalilin farko da masana suka kawo, tun a shekarun 1960, na keɓe yankin: kare mafarin ruwan da manoma da masunta na kwarin Binuwai ke dogaro da shi.

Tarihi

Yankin bai kasance cikin Nijeriya tun farko ba. A zamanin mulkin mallaka yana ƙarƙashin Kamaru ta Jamusawa, kuma har yau akwai kufan ganuwar duwatsu da suka gina a kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka. Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila a matsayin yankin amana. A ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 mutanen arewacin yankin amanar suka zaɓi haɗewa da Nijeriya, aka mayar da shi Lardin Sardauna.

A 1972 gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas ta keɓe Gashaka da Gumti a matsayin wuraren da aka hana farauta. Annobar bushiya ta 1983 zuwa 1984, wadda ta karkashe shanu a Arewa, ta yi wa ɓauna da sauran manyan namun dajin wurin mummunar ɓarna. A 1991, shekarar da aka raba jihar Gongola aka sami Taraba da Adamawa, gwamnatin tarayya ta haɗe wuraren biyu ta mayar da su gandun daji guda. A 1995 Nijeriya ta sanya shi cikin jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Namun daji

Abin da ya fi ɗaukaka sunan gandun a wajen masana shi ne birin cimfanzi, wanda mutanen yankin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan faffaɗan saiwar manyan itatuwa da hannu da ƙafa, ƙarar ta ratsa kurmi. Irin da ke nan na Nijeriya da Kamaru ne kaɗai, kuma shi ne mafi ƙarancin yawa a cikin ire-iren cimfanzi huɗu na duniya. Ana ƙiyasin cewa gandun na ɗauke da kimanin dubu guda, ɗaya daga cikin mafi girman taronsu da ya rage.

A shekarar 2000 Farfesa Volker Sommer na University College da ke Landan ya kafa aikin binciken birai a Gashaka, da sansani a Kwano, wani tsohon ƙauye da ke cikin kurmi. Gidan namun daji na Chester a Ingila ya daɗe yana tallafa wa aikin. Binciken ya gano cewa cimfanzin Gashaka suna gyara tsinke da sanda su zura a ramin kwarkwasa, su jira ta hau, su suɗe; suna kuma haƙo zuma da sanduna. Amma ba sa kamun gara da tsinke kamar yadda 'yan'uwansu na gabashin Afirka ke yi, alhali ga surin gara nan birjik. Masana na kawo wannan a matsayin shaidar cewa kowane garken cimfanzi yana da al'adarsa da ƙanana ke koya daga manya.

Baƙo kada ya sa rai da yawa zai gan su ido da ido, don suna gudun mutum. Abin da aka fi samu shi ne jin kururuwarsu da gangarsu da asuba, ko ganin sheƙar ganye da suke yi a saman itace su kwana, kowane dare sabuwa. Waɗanda ake gani cikin sauƙi su ne gwaggon biri, kirka, jan biri a fili, da biri mai roro, baƙi da fari, wanda ke tsalle daga reshe zuwa reshe gashinsa na kaɗawa.

Akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gada iri-iri, gadu da wasu aladun daji biyu na kurmi. Damisa tana nan, kodayake sawunta ake gani ba ita ba. A kan duwatsu akwai gadar dutse da wani nau'in kwanta-rafi na tsaunukan Adamawa. Zaki da giwa da karen daji, waɗanda tsofaffin rahotanni ke ambata, yanzu sun zama abin labari. A Mayo Kam akwai wani gurbi mai zurfi da dorinai ke taruwa, akwai kada, akwai giwan ruwa da tsage. Tsuntsayen da aka lissafa sun haura nau'i 500, ciki har da wasu da ba a samun su sai a kurmin tsaunukan Nijeriya da Kamaru.

Yawo da hawan dutse

Daga Jalingo ake bin hanyar Bali zuwa Serti, hanyar da ta zarce ta hau Mambila har Gembu. A Serti ake karɓar takardar izini, a biya kuɗin shiga, a haɗa mutum da malamin daji da zai raka shi. Ba a yarda baƙo ya shiga shi kaɗai ba, kuma dokar tana da hujja: turba a kurmi takan ɓace bayan ruwa ɗaya, ga mafarauta masu bindiga da ba a son gamuwa da su ba shiri. Daga ƙofar Bodel, kusa da Serti, hanyar ƙasa ce ke kaiwa ƙauyen Gashaka, kuma sai an haye kogi. Da rani mota mai ƙarfi ko babur kan ratsa. In ruwa ya cika sai kwalekwale.

Tafiya mafi sauƙi ita ce ta kewayen ƙauyen Gashaka: hawa zuwa kufan Jamusawa, bin bakin kogi, zuwa gurbin dorinai. Wannan yini guda ya ishe shi, kuma mai matsakaicin ƙarfi zai iya. Mataki na gaba shi ne Kwano, tafiyar sa'o'i kaɗan a ƙasa cikin hawa da gangara. Ga mai son birai da tsuntsaye nan ne wurin, kuma kwana biyu a Kwano sun fi mako guda ana gaggawa daga wuri zuwa wuri, domin dabbar kurmi mai zama shiru ne ke ganinta.

Hawan Chappal Hendu yana ɗaukar kwanaki, da tanti da 'yan dako. Hayin yana da tsayi kuma babu sassauci, sai dai wanda ya kai sama zai fito daga duhun itatuwa ya tsinci kansa a fili mai iska, ga rugagen Fulani, ga shanu na kiwo, gajimare kuma na ƙasa da shi a cikin kwari.

Chappal Waddi ana zuwa masa ta hanya biyu. Doguwar ita ce ta cikin gandun, daga Gashaka, wadda kan ci mako ko fiye, zuwa da dawowa. Gajeriyar, wadda yawancin masu hawa ke bi a yau, ta Mambila ce: a bi mota zuwa Nguroje, a hau acaba zuwa ƙauyen Njawai, daga nan a ci gaba har inda babur ya gaza, sai a kama tafiyar ƙasa. Dutsen ba ya buƙatar igiya ko wata ƙwarewa ta musamman. Abin da yake nema shi ne gwiwa da numfashi. Ƙololuwarsa tana daidai kan iyaka, ta yadda mai tsaye a kai yana kallon Kamaru a gefe guda. Al'ada ce a fara gaida jauro, wato dagacin ƙauyen da za a kwana a ƙasarsa, a sanar da shi abin da ya kawo baƙi. Wanda ya tsallake wannan zai sha wuyar samun ɗan jagora. Fulatanci ne harshen kan tsauni, amma Hausa na biyan buƙata kusan ko'ina.

Lokacin zuwa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris. Damina takan fara wajen Afrilu ta kai Nuwamba, koguna su cika, turba ta yi santsi, hanyoyi su yanke. Ranin ma yana da nasa cikas. Hazon hunturu kan rufe nesa a Janairu, mutum ya sha wahalar hawa ya kasa ganin kwarin da ya baro. Farkon Disamba ya fi dacewa da mai son kallo, lokacin ciyawa ba ta gama bushewa ba kuma sarari na nan garau. Masu neman manyan dabbobi kuwa sun fi son ƙarshen rani, bayan an ƙone ciyawa, dabbobi sun matso bakin ruwa.

Abin da baƙi daga Kano ko Sakkwato suka fi rainawa shi ne sanyin dare a kan dutse. Mutum zai bar kwari yana gumi, ya kwana a sama yana makyarkyata, don haka rigar sanyi da bargo mai kauri wajibi ne. A ƙasa kuma ƙudan tsando ne ke addabar matafiyi. Yana son baƙin tufafi da shuɗi, cizonsa na ratsa yadi marar kauri, shi ya sa aka fi son riga mai dogon hannu mai launin ƙasa. Sai takalmi mai ƙarfi wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da tocila, da maganin sauro, da abin tace ruwa ko tukunyar tafasa shi. Ba kanti a ciki, kuma waya ba ta kamawa a mafi yawan wurare. Gari da shinkafa da gyaɗa da sukari duk a Serti ko Nguroje ake saye. Ya kamata kuma a tuntuɓi ofishin gandun kan halin tsaro kafin a kama hanya.

Mazauna ciki da matsalolin gandun

Da aka shata gandun ba a tashi kowa da kowa ba. An bar wasu keɓaɓɓun yankuna da doka ta yarda a zauna, a yi noma da kiwo, kamar Gumti, Filinga, Sabere, Hendu da Shirgu. Makiyaya sun fi son kan tsauni ne domin tsando ba ya kaiwa can, shanu kuma na tsira daga sammore. Sai dai yawan shanun ya ƙaru, wasu na shigowa daga wajen yankunan da aka amince, kuma wutar da ake cinna wa ciyawa kowane rani don sabon toho tana cin gefen kurmi kaɗan-kaɗan. Kurmin kan dutse in ya ƙone ba ya saurin dawowa.

Ga kuma farauta da tarko don kasuwar naman daji, da haƙar ma'adinai ba izini. A tsakiyar shekarun 2010 saran madobiya, itacen da 'yan katako a Taraba ke kira Madrid, ya yi ƙamari saboda kasuwarsa a Sin, har masu saran suka kai bakin gandun bayan sun share dazuzzukan da ke kewaye. Malaman daji sun rasa rayuka a arangama da irin waɗannan mutane.

A 2017 Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da gidauniyar Africa Nature Investors, wadda 'yan Nijeriya ke jagoranta, don tafiyar da gandun tare. Tun daga lokacin aka ɗauki sababbin malaman daji daga ƙauyukan da ke kewaye aka horar da su, aka ƙarfafa sintiri, aka kuma kafa kyamarorin da ke ɗaukar hoto da kansu in dabba ta gitta, waɗanda da su ake bin diddigin abin da ya rage a kurmin da ma'aikata ba sa iya kaiwa kullum.