Biskit ɗin Kare Marar Hatsi

Biskit ɗin kare marar hatsi wani ɗan busasshen abin taunawa ne da ake gasa wa kare, a gida ko a masana'anta, ba tare da an sa alkama, masara, shinkafa, gero, dawa ko wani nau'in hatsi a cikinsa ba. A madadin garin hatsi ana amfani da abin da ake tonowa daga ƙasa, kamar dankali da rogo da aya, ko kuma dangin wake, sannan a haɗa da ƙwai ko hanta domin kwaɓin ya kama kuma ya yi ƙamshin da kare ke so. Ba abincin ƙoshi ba ne. Ana ba da shi ne a matsayin tukuici lokacin horo, ko domin sabar da karen gadi da na farauta amsa kiran mai shi. A birnin Maradi da kewayensa, inda aka saba ciyar da kare da dusa da ƙanzo da ragowar tuwo da abin da aka samo wajen mahauta, gasa wa kare biskit baƙon abu ne, amma kusan dukkan kayan haɗinsa amfanin gonar yankin ne.

Asali

Wajen shekarar 1860 ne wani Ba'amurke mai aikin lantarki, James Spratt, ya fara sayar da biskit na musamman domin karnuka a birnin Landan, kuma garin alkama ne ginshiƙin haɗin nasa, tare da kayan lambu da nama. A 1908 aka fara yin biskit mai siffar ƙashi a birnin New York, wanda daga baya ya shahara da sunan Milk-Bone. Ke nan da hatsi aka fara sana'ar, kuma haka ta ci gaba fiye da shekara ɗari.

Yayin cire hatsi ya yi ƙarfi ne a ƙasashen Turai da Amurka bayan shekarar 2007, lokacin da aka janye ɗimbin abincin karnuka da kyanwowi daga kasuwa saboda an gano melamin, wani sinadari da ake yin roba da shi, a cikin garin gulutin na alkama (wato sinadarin da ke ba kwaɓin alkama yauƙi) da aka shigo da shi daga Sin, dabbobi da dama kuma suka mutu sakamakon lalacewar ƙoda. Ba alkamar ce ta yi kisan ba, algus ɗin da aka yi mata ne, amma masu karnuka da yawa sun ɗora laifin a kan hatsi gaba ɗaya, wasu kuma suka koma yin abincin da hannunsu.

Ko hatsi na cutar da kare

Hujjar da aka fi kafawa ita ce kare jikan kyarkeci ne, don haka cikinsa bai dace da hatsi ba. Binciken da Erik Axelsson da abokan aikinsa na Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka wallafa a mujallar Nature a 2013 ya raunana wannan hujja, domin ya nuna cewa kare yana ɗauke da kwafi masu yawa na ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin narkar da sitaci, alhali kyarkeci biyu kawai yake da su. Zaman da kare ya yi da manoma na dubban shekaru ya sauya masa ciki. Wanda ya ga yadda karnukan ƙauyukan Gobir da Katsinar Maradi ke rayuwa a kan dusar gero ba zai yi mamakin wannan sakamako ba.

Akwai karnukan da jikinsu ke ƙin wani abinci, su riƙa ƙaiƙayi, ko ciwon kunne mai dawowa, ko gudawa. Sai dai wani nazari da aka tattara a 2016 ya nuna cewa naman shanu da madara da kaza sun fi alkama yawan jawo wannan matsala. Rashin jituwa da gulutin an tabbatar da shi ne a wasu ƴan jinsuna, kamar Irish Setter da Border Terrier, waɗanda ba su ne ake kiwo a wannan yanki ba. Haka kuma gero da dawa da masara da shinkafa ba su da irin gulutin ɗin da ke cikin alkama tun asali.

A watan Yulin 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da cewa tana binciken wata alaƙa da ake zargi tsakanin abincin kare marar hatsi, musamman wanda aka cika da dangin wake da dankalin Turawa, da wani ciwo da ke sa zuciya ta buɗe, tsokarta ta yi rauni har ta kasa harba jini yadda ya kamata. A 2019 hukumar ta fitar da sunayen kayayyaki 16 da aka fi ambata a rahotannin da ta samu, amma a ƙarshen 2022 ta bayyana cewa bayanan da ke hannunta ba su isa su tabbatar da cewa abincin ne sanadi ba. Zargin ya shafi abincin yau da kullum ne, ba ɗan biskit da ake bayarwa jefi-jefi ba. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne cire hatsi kaɗai ba ya ƙara wa lafiyayyen kare komai. Amfanin gasawa a gida yana cikin sanin abin da aka zuba a kwaɓin ne.

Kayan haɗi

Dankalin Hausa, wanda wasu ke kira kudaku, shi ne mafi sauƙin sarrafawa, domin idan aka dafa shi aka daka yana ba kwaɓi danƙo da ɗan zaƙi ba tare da an sa sukari ba. Kabewa dafaffiya ma tana yin wannan aiki, sai dai ruwanta ya fi yawa, don haka tana cin gari. Rogo yana buƙatar hattara: ɗanyensa, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da sinadarin da ke komawa gubar sayanaid, saboda haka ba a amfani da shi sai wanda aka jiƙa, aka shanya, aka sarrafa sosai.

Garin wake shi ne ya fi dacewa ya maye gurbin fulawa. Ana surfa waken a cire ɓawon kamar za a yi ƙosai ko alala, a shanya ya bushe, a ɗan soya shi sama-sama a busasshen kasko kafin a kai niƙa, domin zafi ne ke kashe sinadaran ɗanyen wake da ke hana narkewar abinci da kumbura ciki. Wajen sayen wake yana da kyau a tambayi yadda aka adana shi, saboda wasu ƴan kasuwa na zuba maganin ƙwari a buhu. Wanda aka ajiye a buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun daga 2007 tare da masu binciken cibiyar nazarin aikin gona ta INRAN da ke Maradi, ya fi kwanciyar hankali, domin rashin iska ne ke kashe ƙwarin ba magani ba.

Jihar Maradi ce kan gaba wajen noman aya a Nijar, kuma aya ba hatsi ba ce, saiwa ce. Garinta yana da zaƙi da mai da dusa mai yawa, don haka ana haɗa shi da wani gari ne maimakon a yi biskit da shi zalla. Dole a wanke ta a tsince tsakuwa, sannan a tankaɗe garin da rariya mai laushi.

Gyaɗa ce ta fi kowane sinadari jan hankalin kare, kuma ita ce ta fi buƙatar sa ido. Maradi ta gina arzikinta na farko a kan cinikin gyaɗa, har yau kuma tunkuza da ƙuli-ƙuli ba sa yankewa a kasuwanninta, amma gyaɗar da ta sha danshi a gona ko a rumbu tana kama wata funfuna da ke haifar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta. Kare na cikin dabbobin da wannan guba ta fi yi wa illa. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 an ba da rahoton mutuwar karnuka fiye da 100 a Amurka bayan sun ci abincin kamfani da aka yi da masara mai wannan guba. Zafin gashi ba ya kashe ta, don haka tsinta ce kawai kariya: a baza gyaɗar a faifai da rana, a fitar da duk ƙwayar da ta motse, ko ta fashe, ko ta sauya launi zuwa baƙi-baƙi ko kore-kore, ko take warin rumbu. Ya fi kyau a soya tsintacciyar gyaɗar a niƙa ta a gida a kan a sayi tunkuzar da ba a san da wace gyaɗa aka yi ta ba. Ƙuli-ƙulin kasuwa kuwa sau da yawa yana da gishiri da barkono.

Ƙwai ne ke riƙe kwaɓin, tunda babu gulutin da zai sa shi ya yi yauƙi; na kaza ko na zabi duk ɗaya ne, na zabin kuma yana araha da damina. Hantar akuya ko ta rago da aka dafa aka daka tana ƙara ƙamshi ƙwarai, amma kaɗan ake sawa, domin tana da bitamin A mai yawa wanda ke taruwa a jiki idan aka yawaita.

Abin da ba ya shiga

Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko ɗanyu ne ko dafaffu ko garinsu, kuma alamar ba ta bayyana nan take. Sai bayan ƴan kwanaki a ga kare ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu. Wannan ne ya sa romon miya da yajin tsire da kilishi ba sa cikin kayan haɗi, duk da cewa su ne hannu ya fi saurin kaiwa gare su a gidan Bahaushe. Cakulan na da sinadarin tiyobromin da jikin kare ke jinkirin fitarwa, goro ma yana da shi tare da kafeyin, ganyen shayi da garin kofi ma suna da kafeyin. Inabi da zabibi na iya tsayar da aikin ƙoda. Sinadarin zaƙi na zailitol, wanda ke cikin wasu cingam da wasu man gyaɗa na kwalba da ake shigowa da su, yana faɗar da sukarin jinin kare cikin ƙanƙanin lokaci. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano da sukari ba su da wani amfani a nan, kare ba ya neman su.

Yadda ake gasawa

Haɗi mai sauƙi shi ne kofi ɗaya na dafaffen dankali da aka daka, kofi biyu na garin wake, ƙwai ɗaya, da cokali biyu na niƙaƙƙiyar gyaɗa. Ana iya rage rabin kofi na garin waken a cike da na aya. Ana murza su har kwaɓin ya daina manne wa hannu. Idan ya yi ruwa a ƙara gari, idan yana tsattsagewa a yayyafa ruwa kaɗan, domin kwaɓin da babu alkama a cikinsa ba ya miƙewa, karyewa yake yi. Sai a barbaɗa gari a tire, a murza kwaɓin da kwalba har kaurinsa ya kai kamar rabin santimita, a yanka ƙanana da wuƙa ko a fitar da su da murfin kwalba. Ƙanana sun fi amfani wajen horo, kuma sun fi saurin bushewa.

A tanda ta gas ko ta lantarki, zafin digiri 160 zuwa 180 na tsawon minti 20 zuwa 30 ya isa, sannan a kashe wuta a bar su a ciki su ƙarasa bushewa. Inda babu irin wannan tanda, dabarar da mata ke gasa kek da ita tana aiki: a zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora ta a kan garwashi har yashin ya ɗauki zafi, a aza farantin biskit a kan ƴan duwatsu uku don kada ya taɓa yashin, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfin. Wuta mai sanyi ake so, domin garin wake da dankali suna saurin ƙonewa ta waje alhali cikin bai gasu ba. Ana juya su sau ɗaya. Gwajin gasuwa shi ne a bar guda ya huce a karya shi: idan ya karye ƙas, cikinsa kuma launi ɗaya ne da wajensa, ya yi; idan ya lanƙwashe ko tsakiyarsa ta yi duhu da laushi, a mayar da shi wuta.

Gidaje da yawa na ware wa kare kwanonsa dabam, kamar yadda aka saba bisa koyarwar addini, amma kayan gashin ba su da wannan matsala tunda duk abin da ke cikin kwaɓin halastaccen abincin mutane ne.

Adadi da ajiya

Likitocin dabbobi na ba da shawarar kada irin wannan tukuici ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da kare ke samu daga abinci a yini. Kare mai nauyin kilo 15 yana buƙatar kalori wajen 850 a rana, don haka rabonsa na biskit bai wuce kalori 85 ba, wato kimanin guda biyu masu nauyin giram 10 kowanne. Haɗin da gyaɗa da aya suka yi yawa a cikinsa yana da maiƙo, kuma yawan maiƙo na jawo ƙiba da amai da kumburin gaɓar da ke samar da ruwan narkar da abinci. Sabon haɗi ana fara shi ne da guda ɗaya a ga yadda cikin karen zai karɓe shi. Ɗan kwikwiyo da tsohon kare mai ciwon haƙori ana jiƙa musu da ruwa, kare mai ciwon ƙoda ko na sukari kuwa sai da izinin likitan dabbobi.

Biskit ɗin gida ba shi da maganin hana lalacewa, don haka bushewarsa ce ke tsare shi, yanayi kuma yana da tasiri sosai. Da hunturu, iskar Maradi kan ƙarasa busar da shi idan aka baza shi a faifai aka rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda, ya kuma yi mako biyu a kwalba mai murfi. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, man gyaɗar da ke ciki yana saurin yin ɗaci. Da damina funfuna ce abin tsoro, musamman idan an rufe shi a leda tun bai gama hucewa ba, domin gumin da ya taru a ciki shi ke jiƙa shi. Wanda aka sa wa hanta ko nama ana ajiye shi a firji a cinye cikin ƴan kwanaki, inda kuma wutar lantarki ba ta tsayawa ya fi dacewa a riƙa gasa kaɗan-kaɗan. Idan funfuna ta fito a kan guda ɗaya, dukkan abin da ke cikin kwalbar ake binnewa inda kare da kaji ba za su tono shi ba.