Mutuwar ƙananan yara sanadin gudawa a ƙasashe masu tasowa

Gudawa, ko zawo, ita ce yin bahaya mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 440,000 duk shekara, galibinsu a Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya. A wajajen 1980 adadin ya haura miliyan huɗu.

Ƙwayoyin cutar, irin su rotabairos da E. coli da Shigella mai kawo atini, suna shiga ne ta ruwa, abinci ko hannun da kashi ya gurɓata. Amma abin da ya fi kisa shi ne ƙafewar ruwa da gishirin jiki. Alamunsa: idanu su faɗa, maɗigar jariri ta lotsa, in an tsunkuli fatar ciki ta ɗauki fiye da daƙiƙa biyu kafin ta koma. Yaro mai tamowa ya fi saurin mutuwa, kuma kowace gudawa tana ƙara masa tamowar.

Maganin farko shi ne ruwan gishiri da sukari. A 1971 likita Dilip Mahalanabis ya gwada shi ga 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladash masu kwalara, mace-macen suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. In babu ƙunshin ORS, wato haɗaɗɗen garin gishiri da sukari da aka riga aka auna, a narkar da sukari ƙaramin cokali shida, a shafe ba a tula ba, da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. A awon nan ake yawan kuskure: sukari in ya yi yawa yakan ƙara gudawar, gishiri kuwa yakan jawo jijjiga. Ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane bahaya, cokali-cokali. In ya yi amai a jira minti goma, a ci gaba a hankali. Haɗin da ya kai awa 24 a zubar.

Ana kuma ba yaro maganin zinki, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata shida kuma miligiram 10. Hana yaro nono ko abinci wai don ciki ya huta kuskure ne. Magungunan tsayar da gudawa ba na yara ba ne. Jini a kashi, kasa shan ruwa, ko gudawar da ta kai kwana 14, duk na asibiti ne.