Difilomar Matakin Farko a Fannin Shari'ar Laifuffuka

Difilomar matakin farko a fannin shari'ar laifuffuka takardar shaida ce ta ilimi mai zurfi da ɗalibi ke samu bayan karatun kimanin shekara biyu gaba da sakandare, inda yake koyon yadda hukuma ke tafiyar da sha'anin laifi tun daga ranar da aka kai ƙara wurin ƴan sanda har zuwa ranar da ɗaurarre ya fito daga gidan kaso. Matsayinta yana ƙasa da digirin farko, wanda a Nijar ake kira lisansi. A Amurka, inda wannan karatu ya fi kafuwa, sunanta associate degree, a ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa kuwa danginta na kusa su ne kapasite, wato takardar share fagen karatun shari'a, da difilomar shekara biyu ta cibiyoyin fasaha na jami'a. Takardar ba ta mai da mutum lauya ko alƙali, ba ta kuma sa masa kakin ɗan sanda. Aikinta shi ne ta shirya shi shiga ɗaya daga cikin rassa uku da sha'anin ya tsayu a kansu, wato ƴan sanda da kotu da gidan kaso, ko kuma ta buɗe masa hanyar ƙarin karatu.

Asalinta a Amurka

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka haifar da wannan takarda, kuma kowannensu da tarihinsa. Na farko shi ne digirin shekara biyu shi kansa, wanda ake danganta farawarsa da Jami'ar Chicago a zamanin shugabanta William Rainey Harper, wajejen 1898 zuwa 1900. A 1901 aka buɗe kwalejin Joliet a jihar Illinois, wadda ake ɗauka a matsayin ta farko cikin kwalejojin gwamnati masu karatun shekara biyu, kuma daga irinta ne kwalejojin al'umma suka yaɗu, masu sauƙin kuɗi, waɗanda ma'aikaci zai iya halarta da yamma bayan ya tashi daga aiki.

Na biyu shi ne tunanin cewa aikin ɗan sanda ilimi ne da ake koyo a aji. Wanda aka fi jingina wa wannan tunani shi ne August Vollmer, wanda ya karɓi ragamar tsaron garin Berkeley na jihar Kalifoniya a 1905, a lokacin da ake ɗaukar ɗan sanda saboda ƙarfin damtse ko sanayyar ƴan siyasa. A 1908 ya buɗe wa ma'aikatansa makaranta, a 1916 kuma ya haɗa kai da Jami'ar Kalifoniya aka fara ba da darussan ilimin laifuffuka a lokacin hutun bazara. Kwalejin San Jose ta buɗe karatun shekara biyu na aikin ƴan sanda a 1930, kwalejin jihar Michigan ta biyo baya da nata sashen a 1935. Duk da haka, har ƙarshen shekarun 1950 makarantun da ke wannan karatu ba su da yawa.

Abin da ya sauya lamarin shi ne tarzomar birane da hauhawar laifuffuka a shekarun 1960. Kwamitin da shugaba Lyndon Johnson ya kafa ya fitar da rahotonsa a 1967, inda ya kalli ƴan sanda da kotuna da gidajen kaso a matsayin tsari guda da ke tafiya tare, ya kuma ba da shawarar a kai ga lokacin da kowane ɗan sanda zai zama mai digiri. Dokar da majalisa ta zartar a 1968 ta kafa hukumar tallafa wa aikin tsaro, kuma ta hannunta gwamnatin tarayya ta riƙa biyan kuɗin karatun ma'aikata da ba su bashi. Kuɗin nan ne ya sa kwalejojin al'umma suka yi ta buɗe sassan shari'ar laifuffuka cikin shekarun 1970. Saurin bunƙasar ya zo da illarsa, domin wani kwamitin ƙasa da masanin ilimin laifuffuka Lawrence Sherman ya jagoranci rubuta rahotonsa a 1978 ya soki yawancin darussan da cewa maimaicin horon bariki ne kawai, ba su faɗaɗa tunanin ɗalibi. An rufe hukumar tallafin a 1982, amma sassan da ta haifar sun ɗore. A yau takardar tana ɗaukar kimanin kiredit 60, wato ma'aunin yawan darussan da aka ɗauka, kuma jihar Minnesota ta shahara da sharɗanta karatun shekara biyu ga duk mai neman lasisin aikin ɗan sanda.

Tsarin Faransa

Faransa ta bi wata hanya dabam. A can ba a ware sha'anin laifi ya zama fanni mai zaman kansa a matakin farko ba, an bar shi cikin karatun shari'a gaba ɗaya. Takardar kapasite ta samo asali ne daga dokar 13 ga Maris 1804 ta zamanin Napoleon, kuma darajarta ita ce ana shiga karatunta ba tare da bakaloriya ba, wato takardar kammala sakandare, a yi galibi shekara biyu, wanda ya ci da kyau kuma ya sami damar shiga lisansi. Jami'o'in Afirka ta Yamma masu aiki da Faransanci sun gaji wannan takarda, ta kuma zama tsani ga ma'aikata da yawa waɗanda talauci ko nisan makaranta ya katse wa sakandare. A 1966 aka kafa cibiyoyin fasaha na jami'a masu ba da difilomar shekara biyu, ciki har da ta ayyukan shari'a, sai a 2021 aka mai da karatun nasu shekara uku. Batun ko ilimin laifuffuka ya cancanci sashen kansa a jami'a kuwa ana ta ja-in-ja a kansa: an kafa masa sashe a 2012, aka soke shi a cikin shekarar.

Abin da ake koyo

Ginshiƙin karatun darussa biyu ne, dokar laifuffuka da dokar tafiyar da shari'ar laifi. Ta farko tana bayyana abin da ake kira laifi da hukuncinsa, ta biyu kuma tana shimfiɗa ƙa'idar kama mutum da tsare shi da yi masa tambayoyi da gurfanar da shi. A kan waɗannan ake ɗora ilimin sanin dalilan laifi, da haƙƙin ɗan Adam, da shari'ar yara, da tsarin gidan kaso, da dabarun bincike da adana shaida, da ladubban aiki. Makarantu da yawa suna tura ɗalibi ya yi ƴan makonni a kotu ko ofishin ƴan sanda kafin ya gama.

Darasin da ɗalibai kan raina, alhali shi ne ya fi shafar talaka, shi ne rubuta rahoto. Idan aka kamo saurayi da zargin satar babur a bakin kasuwar Dole ta Zinder aka kai shi komisariya, abin da zai bi shi har gaban alƙali takarda ce: ƙarfe nawa aka tsare shi, wa ya ga abin da ya faru, me ya faɗa da bakinsa, an karanta masa abin da aka rubuta kafin ya dangwala yatsa ko ba a karanta ba. Dokar Nijar ta ƙayyade tsarewar farko a awa 48, kuma ƙara ta sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Ma'aikacin da ya san muhimmancin rubuta sa'ar nan daidai a littafin tsarewa ya kare haƙƙin wanda ake tuhuma, ya kuma kare ƙarar kanta daga rushewa a kotu.

Matsayinta a Nijar da Damagaram

Kafin zuwan Turawa, shari'ar laifi a Damagaram tana hannun sarki da alƙalansa, waɗanda suka yi karatun fiƙihun Malikiyya a zaure, dogarai kuma su ne masu kamu da zartar da hukunci. Bayan Faransawa sun kama Zinder a 1899, garin ya zama hedikwatar mulkinsu daga 1911 har 1926, aka kuma kafa kotunan ƴan ƙasa ƙarƙashin kulawar jami'an mulkin mallaka. Dokar 30 ga Afrilu 1946 ta soke waɗannan kotuna a sha'anin laifi, ta shimfiɗa dokar laifuffuka ta Faransa a kan kowa. Bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta kafa nata kundin laifuffuka ranar 15 ga Yuli 1961 da kundin tafiyar da shari'ar laifi ranar 14 ga Agusta na shekarar. Gyaran da aka yi a 2003 shi ne ya shigar da bautar da mutum cikin laifuffukan da kundin ke hukuntawa. Wannan tarihi ne ya sa har yau sarakuna da masu unguwanni ke da ikon sasanta rigingimun gona da aure da gado, amma laifi na kotun gwamnati ne.

Ɗalibin Nijar yakan iso wannan fanni ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce jami'a: Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, da Jami'ar Tahoua suna koyar da shari'a, kuma tun bayan da UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta amince da tsarin lisansi da masta da dakta a 2007, shekara uku ta zama ma'aunin digirin farko. Ta biyu ita ce jarrabawar ɗaukar ma'aikata, wadda ke kai mutum makarantar ƴan sanda, ko ta jandarma, ko rundunar gardi ta ƙasa mai tsaron gidajen kaso, ko makarantar horon ma'aikatan shari'a da ke Yamai, inda ake horar da alƙalai da magatakardan kotu. Takardar shekara biyu ba ta ɗauke wa kowa wannan jarrabawa, sai dai tana iya ba shi damar neman muƙamin da ya fi na mai bakaloriya kaɗai. Wasu ƴan Damagaram kuma suna ƙetarawa Kano da Jigawa, inda ake da difilomar shekara biyu da digirin ilimin laifuffuka da tsaro, amma wanda ya yi haka ya san cewa dokar Najeriya ya karanta, kuma sai hukuma ta tantance takardarsa kafin ta yi masa aiki a gida.

Buƙatar masu irin wannan ilimi a Zinder a bayyane take. Garin yana da kotun ɗaukaka ƙara da babbar kotu da gidan kaso, amma yawancin lauyoyin ƙasar suna zaune ne a Yamai, mai nisan kusan kilomita 900. Ƙa'idar UEMOA ta 2014 ta ba wanda aka kama damar samun lauya tun daga lokacin kamu, a 2011 kuma gwamnati ta kafa hukumar taimakon shari'a domin marasa hali, sai dai dama a takarda ba ta isa ga manomin Mirriya ko Magarya sai da wanda zai gaya masa cewa yana da ita. Ga kuma matsalar harshe: Faransanci ake rubuta shari'a da shi, alhali mafi yawan masu tsayuwa gaban alƙali Hausa ko Barbarci ko Fillanci suke ji, kuma tafinta ne ke tsakaninsu da hukuncin da zai hau kansu. Matashin da ya karanta dokar da Faransanci, ya kuma iya warware ta da harshen gida ga uwar da ɗanta ke tsare, yana cike gurbin da babu lauyan da zai cike shi. Shi ya sa ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da masu aiki da yaran da suka saɓa wa doka ke neman irin waɗannan matasa a matsayin mataimakan shari'a.

Muhawara

Masana sun saɓa a kan ko karatun jami'a yana gyara aikin ɗan sanda. Wasu nazarce-nazarce a Amurka sun nuna cewa masu karatu sun fi ƙarancin amfani da ƙarfi, wasu kuma suna ganin sharɗanta takarda yana toshe ƙofa ga ƴaƴan talakawa. Akwai kuma masu sukar makarantun kuɗi da ke tallata difilomar kamar tana tabbatar da aiki, alhali ɗaukar ma'aikaci a wannan fanni yana bin gwajin lafiya da binciken hali da jarrabawar hukumar da za ta ɗauke shi.