Tambayoyin da kuke damuna da su kan waya

Ranar Lahadi ina kasuwar Gujungu, sauran kwanaki ina rumfata a ƙauye, caji da gyaran waya. Tambaya guda sai mutum goma su yi min ita kafin azahar. Na gaji da maimaitawa, ga amsoshin a rubuce. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa ɗansa ya karanta masa.

Tecno, Infinix da itel, wacce ta fi?

Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya. Duka ukun na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen a China. An yi itel don mai ƙaramin ƙarfi, Infinix don samari masu wasan gem. Musun da kuke yi a majalisa har ana ɓata wa juna rai, kuɗinku aljihu ɗaya suke shiga.

Wannan mai ido huɗu a baya ba ta fi mai ido ɗaya ɗaukar hoto ba?

A'a. A wayoyi masu araha ido ɗaya ne ke aikin, sauran ko ƙanana ne ƙwarai ko kuma ado. Ka ɗauki hoto da ita a cikin inuwar shago, ba a tsakar rana ba, sai ka ga gaskiyarta.

An ce min ƙarfin batirin fawa bankin nan 50,000 ne, ga shi ba nauyi.

Malam, ba nauyi ai shi ne matsalar. Na gaske mai 20,000 yana kusa da rabin kilo. Wanda ka saka a aljihun gaban riga bai ja rigar ba, rubutu kawai ka saya. Mai nauyin ma na sha buɗewa in tarar da batir ɗaya ko biyu, an cike sauran gurbin da ƙunshin yashi don ya yi nauyi a hannu. Ko na gasken ma ba ya ba ka abin da ke jikin kwali, domin wajen juya wutar zuwa waya kusan kashi ɗaya cikin uku yana tafiya. Mai 10,000 zai cika waya mai batir 5,000 sau ɗaya da ɗan wani abu. Ba lalacewa ya yi ba, haka yake.

Mene ne 8+8 da ake rubutawa a kwali?

RAM ke nan, wato inda waya ke riƙe aikin da take yi a lokacin. Takwas ɗin farko ne naka. Na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma bai kai na ainihin sauri ba.

Kuɗina ba su kai sabuwa ba. In sayi ta hannu ko in karɓi ta biya kaɗan-kaɗan?

To, a nan ba zan yanke maka ba, don na ga wanda kowacce ta yi wa rana, na ga wanda ta sa kuka.

Ta bashin nan, abin da mai talla yake faɗa maka shi ne kuɗin da za ka ajiye yau. Kai kuma ka ce ya haɗa maka jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, ya rubuta a takarda, ka kwatanta da farashin kuɗi hannu a Farm Centre a Kano. Tazarar takan ba mutum mamaki. Sannan akwai manhaja a cikin wayar: ka yi jinkirin biya, a rufe ta daga nesa, ta zama marfin tukunya. Kada ka kawo min in buɗe, ba na yi. Idan kai malamin makaranta ne ko ma'aikacin ƙaramar hukuma mai albashi, ko ɗan acaɓa da kuɗi ke shigo masa kullum, wataƙila ta yi maka, in albashin yana zuwa a kan lokaci. Amma manomi? Kuɗinka na kaka ne, sai an sayar da riɗi ko zoɓo. Su kuwa ba ruwansu da cewa watan Agusta ne, rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki. Da ni ne kai, da na haƙura da 'yar rakani-kashina har kaka. Maganar halaccin ƙarin da suke ɗorawa kuwa, liman yana nan kusa da gidanka, ka kai masa takardar tun kafin ka sa hannu.

Ta hannu ta fi sauƙi, amma a nan ake jefa mutum cikin rigimar da bai ji ba bai gani ba. Kowace waya tana da lambar IMEI, kuma da ita ake bin sawun wadda aka sace. Ranar da aka zo, wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara tafiya da shi, wanda ya sayar maka a bakin tasha ya daɗe da ɓacewa. Saboda haka ka danna *#06#, lambar da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali ko rasit. Mai ita ya cire asusunsa na Google a gabanka, in iPhone ce ya fita daga iCloud, in ba haka ba ranar da aka goge ta ba za ta sake buɗuwa ba. Ka duba bayanta ko ya ɗan taso, alamar batir ya kumbura ke nan. Ka saka layinka ka kira wani, ka jona caja ka gani. Duk da haka ban ce ba za a cuce ka ba, akwai gilashin da aka canza wanda ni kaina sai na buɗe nake ganewa. In dai ta hannun ce, gara ta mutumin da ka san ƙofar gidansa, ko ta mai shagon da za ka tarar da shi a wurin mako mai zuwa.

In ƙara kuɗi in sayi mai 5G?

Kai da sai ka je bayan firamare ka ɗaga hannu sama kafin sabis ya kama? MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022, a manyan birane. Ka sa kuɗin a babban batir.

Memori 64GB a wannan arahar fa?

Jabu ne. Wayar za ta nuna maka 64, amma da ka wuce ɗan abin da ke cikinsa na gaske, sai hotunan biki da karatun da ka tura su ƙi buɗuwa. Ba ƙwayar cuta ba ce, kuma ba mai turi ne ya ɓata maka ba, ku daina zaginsa.

Yarona ya ce wayata ta tsufa, wai in canza.

Inna, kwantar da hankalinki. Tana kira? Ana jin ki? Kuɗin da ake turo miki daga Legas suna shigowa? Batir kawai za mu canza. Shi yake son sabuwa, ya san in kin saya a hannunsa za ta kwana.

Ta faɗa ruwa, in binne ta a shinkafa?

Shinkafa ta tuwo ce. Kashe ta nan take, cire layi da memori, kada ka kuskura ka jona ta a caji don "a gwada". Ka kawo ta yau, ba bayan kwana uku ba da tsatsa ta gama cin injin.